Auna Aiki Kafin Sayen Kayan Aiki: Nasiha ga Matasa kan Injin Hura Ganye Mai Batir

Injin hura ganye na'ura ce da ke jawo iska da farfela, ta turo ta da ƙarfi ta cikin dogon bututu, domin a kora busassun ganyaye da guntayen ciyawa da ƙananan shara zuwa wuri guda, kuma aikinsa bai yi nisa da na zugazugin maƙeri ba, sai dai maƙeri wuta yake hurawa, mai wannan inji kuwa daɓe da harabar gida. Iri uku ne ake samu a kasuwa: akwai mai shan fetur, akwai mai doguwar waya da ake jonawa a soket, akwai kuma mai batir wanda ake caji a ɗauka a tafi da shi duk inda aiki yake. Na ukun ne ya fi jan hankalin matasa a yau, ko dai waɗanda suka fara riƙe kuɗin kansu suna son sauƙaƙa wa gidansu shara, ko waɗanda suka kama sana'ar kula da lambu da tsaftace harabar makarantu, otal-otal da ma'aikatu. Abin da yakan ruɗi mai saye a karon farko shi ne cewa idonsa na kan kyan jikin injin da manyan lambobin da aka buga a kwali, alhali kuwa abin da ya fi tsada a cikin kwalin, wanda kuma zai riga komai tsufa, shi ne batir ɗin da ke maƙale a gindinsa. Duk wanda ya iya lissafin batir, ya kuma san girman aikin da ke gabansa, da wuya a yi masa cinikin biri a sama.

Asalin injin da dalilin komawa ga batir

Tushen wannan na'ura yana ƙasar Japan, inda bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin Kyoritsu, wanda kayansa suka shahara daga baya da sunan Echo, ya ƙera injin feshin maganin ƙwari da manomi ke goyawa a baya. Da aka lura cewa iskar da ke watsa maganin tana iya kora ganye ko da babu magani a cikin tankin, sai aka fara ƙera injin domin shara kaɗai, kuma a shekarun 1970 ya bazu a Amurka, ƙasar da gidaje da yawa ke da filin ciyawa a gabansu, itatuwa kuma suke zubar da ganyensu kusan gaba ɗaya a lokacin kaka. Ƙorafi a kansa bai jira ya tsufa ba, domin tun a 1975 garin Carmel na jihar Kalifoniya ya hana amfani da shi saboda ƙara, wasu garuruwan kuma suka bi sahu.

Yawancin masu fetur suna amfani da inji irin na ƙaramin janareton nan da ake gauraya masa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya, wanda ba ya ƙona man duka, sai ya fitar da wani kaso nasa cikin hayaƙi. Hukumar kula da ingancin iska ta Kalifoniya ta ƙiyasta cewa awa ɗaya na aiki da irin wannan inji na 'yan sana'a yana fitar da gurɓataccen hayaƙi mai haddasa hazon birane daidai da tafiyar ƙaramar mota ta zamani ta mil 1,100, wato kimanin kilomita 1,770, nisan da ya zarce na Kano zuwa Legas. Wannan ne ya sa a 2021 jihar ta kafa dokar da ta buɗe hanyar dakatar da sayar da sababbin ƙananan injinan fetur na aikin lambu tun daga ƙirar 2024, birnin Washinton kuma ya haramta injin hura ganye mai fetur daga ranar 1 ga Janairun 2022. Da ba a samu batir mai ɗaukar wuta mai yawa a ƙaramin jiki ba, da waɗannan dokoki ba su yiwu ba. Batir ɗin litiyam, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991, wanda kuma binciken da ya haife shi ya sa aka ba John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2019, shi ne ya cike wannan gurbi, kuma shi ne dai ke cikin wayar hannu da kwamfutar tafi-da-gidanka.

Abin da ke cikin batir

Idan aka buɗe batir ɗin irin waɗannan kayan aiki, abin da za a tarar shi ne jerin ƙwayoyi masu siffar silinda, kowace ta ɗan fi babban yatsa tsawo, an haɗa su da ƙananan faranta na ƙarfe, a samansu kuma akwai allon lantarki mai lura da zafi da caji. Mafi yawansu ana kiransu 18650, suna da aka ciro daga girmansu, wato kauri milimita 18 da tsawo milimita 65, akwai kuma sababbi mafiya girma da ake kira 21700. Kowace ƙwaya tana ba da bolt 3.6 a matsakaicin aikinta, bolt kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da ke tura wutar lantarki, kamar yadda tsayin tankin ruwa ke ƙara ƙarfin ruwan da ke fitowa daga famfo. Idan an cika ta da caji tana kaiwa bolt 4 ko ta ɗan wuce, sa'an nan ta sauko da zarar an fara aiki.

A nan ne ruɗani na farko yake. Ƙwayoyi biyar da aka jera ɗaya bayan ɗaya suna ba da bolt 18 idan an yi lissafi da 3.6, suna kuma ba da bolt 20 idan an yi da 4, saboda haka batir mai lamba 18 da mai lamba 20 abu guda ne, har ma kamfanin DeWalt yana sayar da kaya iri ɗaya da lambar 20 a Amurka, da lambar 18 a Turai. Haka ƙwayoyi goma suke zama 36 a wurin wani kamfani, 40 a wurin wani. Goma sha huɗu su ne 56 na kamfanin EGO. Ashirin kuma su ne 80, waɗanda a ainihin aiki 72 ne. Matashin da ya ƙara kuɗi domin ya ga 20 maimakon 18 ya sayi lambar da aka buga ne kawai.

Ma'auni na biyu shi ne amfiya-awa, wanda ake rubutawa da haruffan Ah, kuma yana nuna yawan wutar da batir zai iya zubarwa kafin ya ƙare, kamar dai girman tankin. Bolt shi kaɗai ba ya faɗin daɗewar batir, amfiya-awa ma ita kaɗai ba ta faɗa, sai an ninka ɗaya da ɗaya a sami wat-awa, wadda ake rubutawa Wh, wato jimillar makamashin da aka adana. Batir mai bolt 18 da amfiya-awa 5 yana ɗauke da wat-awa 90, mai bolt 36 da amfiya-awa 2.5 shi ma 90 ɗin ne, don haka abincin da ke cikinsu ɗaya ne ko da yake lambar ɗaya ta ninka ta ɗayan. Amfanin bolt mai yawa shi ne cewa injin yana samun ƙarfi ba tare da wayoyinsa sun yi zafi ƙwarai ba, wanda hakan ke da muhimmanci ga manyan injina, amma ba shi ne ke ƙara mintunan aiki ba.

Wannan lamba ta wat-awa ba kasafai ake buga ta da manyan haruffa a gaban kwali ba. Mai saye sai ya zare batir daga injin, ya kifa shi a tafin hannu, ya duba 'yar takardar da aka manna a ƙarƙashinsa, inda a tsakanin alamun gargaɗi da lambar ƙira zai ga layi guda da ƙananan haruffa mai ɗauke da bolt, da Ah, da Wh a jere. Minti ɗaya da zai ɓata a kan wannan layi ya fi masa amfani da duk bayanin da mai shago zai yi masa, kuma batir ɗin da aka rasa wannan layi a jikinsa ya riga ya ba da shaida a kan kansa.

Minti nawa zai yi yana aiki

Lissafin daɗewa ba shi da wuya: ana raba wat-awar batir da yawan wat ɗin da injin ke ci, wat kuwa shi ne ma'aunin saurin cin makamashi. A ƙaddara cewa akwai batir mai bolt 36 da amfiya-awa 4, wato wat-awa 144, da inji mai cin wat 600 idan an buɗe shi har ƙarshe. Rabon ya ba da ƙasa da rubu'in awa, wato kimanin minti 14, kuma a aikace zai ɗan gaza haka, saboda wani kaso na makamashin yana tafiya a zafi. Amma a kwalin irin wannan inji ana iya ganin an rubuta cewa yana kaiwa minti 90 ko fiye, kuma ba ƙarya aka yi ba, an dai auna ne a kan mafi ƙarancin gudu.

Dalilin wannan tazara mai faɗi yana cikin wata ƙa'ida da injiniyoyi suka sani game da kowace fanka. Idan aka ninka saurin juyawar farfela sau biyu, yawan iskar da take turowa yana ninkuwa sau biyu, ƙarfin bugun iskar yana ninkuwa sau huɗu, wutar da take ci kuwa tana ninkuwa sau takwas. Saboda haka injin nan mai cin wat 600 a cikakken gudu, idan aka rage shi zuwa rabi, wat 75 kacal zai ci, batir ɗin kuma ya yi kusan awa biyu, sai dai bugunsa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Madannin nan da ake kira tabo, mai ba da ƙarin ƙarfi na ɗan lokaci, an yi shi ne domin jiƙaƙƙen ganyen da ya manne a ƙasa ko tulin da ya ƙi motsi, kuma wanda ya danne shi tun daga bakin ƙofa har ƙarshen fili shi ne yakan dawo yana cewa an sayar masa da mataccen batir.

Daga nan darasi biyu suke fitowa. Na farko, tambayar da ta dace a yi ita ce minti nawa injin ke yi a babban gudu da kuma a matsakaici, kuma da wane girman batir aka auna, tunda wasu kamfanoni suna aunawa da babban batir su sa ƙarami a kwali. Na biyu, inji mai kunamar da ke ƙara gudu gwargwadon matsawa, tare da makullin da ke riƙe gudun a inda aka ajiye shi, ya fi mai mataki ɗaya ko biyu tattalin wuta nesa ba kusa ba, domin busasshen ganye a kan daɓen siminti ba ya buƙatar ko rabin ƙarfin injin. Haka nan injin juyawa marar burushi, wato wanda ba shi da guntayen kabon masu gogar sandar da ke juyawa, ya fi mai burushi ƙarancin asarar wuta da zafi, ya kuma fi daɗewa, ko da yake ya fi tsada.

Lambobin iska

Lambobi biyu ne aka fi yi wa ado a kwali. Ɗaya ita ce CFM, wadda ke nuna yawan iskar da ke fita a minti ɗaya da ma'aunin ƙafa na Turawan Ingila da Amurka, kuma kowace ɗaya daidai take da kimanin mita kubik 1.7 a awa, ma'aunin da kayan Turai suka fi amfani da shi. Ɗayar ita ce MPH, wato gudun iskar da ma'aunin mil a awa, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. Yawan iska shi ke tura tulin ganye mai faɗi, gudunta kuma shi ke ɓamɓaro abin da ya manne. Duk wanda ya taɓa toshe rabin bakin tiyon ruwa da babban yatsa ya san cewa ruwan yana ƙara nisa amma abin da ke fita ba ya ƙaruwa, kuma haka abin yake ga iska: da an tsuke bakin bututu sai lambar gudu ta hau, ta yawa ta sauka. Wannan ya sa ƙaramin injin da aka yi domin kaɗe ƙurar katako a shagon kafinta yana iya ɗaukar lambar gudu mai ban mamaki, alhali iskarsa ba ta wuce CFM 100 ba, yayin da injinan lambu na hannu suka fi yawa a tsakanin 400 da 700.

Akwai ma'auni na uku da ya haɗa biyun wuri guda, wato ƙarfin bugun iska da ake aunawa da niyuton, ana kuma rubuta shi da harafin N, kuma niyuton 10 sun yi kusa da nauyin kilo ɗaya a hannu. Injinan batir na hannu sukan faɗo tsakanin niyuton 10 da 20 da 'yan kai, manyan masu fetur na goyo kuma suna kaiwa wajen 40. Inda aka sami wannan lamba a jikin injina biyu, ita ce mafi adalci wajen gwada su, domin ba a iya ƙara ta da sauya bakin bututu kawai. Sai kuma nauyi, wanda ba a cika tunawa da shi ba sai an yi minti ashirin ana lilo da inji a hannu ɗaya. Na hannu tare da batir sukan kai kilo 2 zuwa 5, kuma duk wat-awar da aka ƙara nauyi ne aka ƙara, don haka ya kamata a ɗaga injin da batir a jikinsa a ga ko bakin bututun yana kallon ƙasa da kansa, ko kuwa sai an riƙa murɗa wuyan hannu kafin ya sauka.

Tsada da araha

Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida, amma a wannan fanni sai an san ta inda ake gane nagarin. A ƙaddara injina biyu a shago ɗaya, na farko da batir mai bolt 18 da amfiya-awa 2, wato wat-awa 36, na biyu kuma da mai wat-awa 144, farashinsa ninki biyu na na farko. A ido na farkon ne mai araha, amma na biyun yana ba da makamashi ninki huɗu a kan kuɗi ninki biyu, ma'ana kowace wat-awa a cikinsa rabin kuɗin ta ɗayan ce. Wanda ya ɗauki na farko alhali filinsa babba ne zai koma sayen batir na biyu da na uku, kuma a nan ne zai gane cewa batir shi kaɗai yana iya kai farashin injin ko ya wuce. Amma kuma wanda aikinsa bai wuce minti goma a ƙaramar haraba ba, idan ya ɗauki na biyun ya biya kuɗin wutar da ba zai taɓa amfani da ita ba, batir kuwa yana tsufa ko ana aiki da shi ko yana ajiye.

Abu na gaba shi ne dangin batir. Kowane babban kamfani yana da siffar mahaɗinsa, wanda ba ya shiga injin wani, kamar LXT na Makita, da M18 na Milwaukee, da ONE+ na Ryobi, kuma batir ɗaya yana aiki a kan abin huda bango da zarto da injin yankan ciyawa matuƙar duk 'yan gida ɗaya ne. Wasu kamfanonin Turai sun haɗa kai a kan mahaɗi guda, kamar ƙawancen da Bosch ke jagoranta tun 2020, amma har yanzu yawancin kasuwa a rarrabe take. Saboda haka sayen injin farko kamar zaɓen gidan da za a ƙulla zumunci da shi ne, domin duk abin da za a saya daga baya zai bi ta kansa. Matashin da ya riga ya mallaki batura na wani kamfani, mafi sauƙi a gare shi shi ne ya sayi injin tsura, ba batir ba caja, wanda bai mallaki komai ba kuwa ya tabbatar cewa farashin da aka gaya masa ya haɗa da su, kuma ya bincika ko ana samun batir ɗin a garinsu idan na farkon ya mutu.

Zai kuwa mutu, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Adadin da aka saba ambatawa ga irin waɗannan ƙwayoyi shi ne cikawa da ƙarewa sau 300 zuwa 500 kafin ƙarfinsu ya ragu zuwa kimanin kashi 80 cikin ɗari. Mai amfani da injin sau ɗaya a mako zai yi shekaru bai kai wannan adadi ba, ɗan sana'ar da ke ƙarar da batir sau biyu a yini kuwa zai kai shi kafin shekara ta zagayo, don haka wajibi ne ya sa kuɗin sabon batir a cikin ladan da yake karɓa tun daga ranar farko. Ya kuma dace a karanta takardar garanti da kyau, saboda sau da yawa wa'adin batir ya fi na injin gajarta, kuma wasu kamfanoni suna rage wa'adin idan da kayan ake sana'a.

Batun jabu ma ba a tsallake shi. Ƙwayar 18650 ta gaske tana da nauyin giram 45 zuwa 50, kuma yawanci abin da take iya ɗauka bai wuce amfiya-awa 3.5 da wani abin kirki ba. Batir mai bolt 18 da amfiya-awa 5 yawanci yana da ƙwayoyi goma a ciki, don haka nauyinsa ya haura rabin kilo. Idan aka miƙa wa mutum batir mai wannan lamba ya ji shi sakayau kamar kwalin ashana, ko ya ga an rubuta bolt 88 a kan abin da girmansa bai wuce na ƙwayoyi biyar ba, to ma'aunin mai sayar da tumatir ya isa ya raba gardama. Hatsarin jabu bai tsaya ga gajeren aiki ba, domin sau da yawa allon da ke kare shi daga zafi da wuce caji na banza ne, gobarar litiyam kuwa tana da wuyar kashewa. Batir ɗin da wani ya riga ya yi amfani da shi ma sai an yi hattara, tunda jikin batir ba ya nuna sau nawa aka caje shi, kuma hanyar sani ita ce a cika shi a kunna a duba agogo.

Zafi, wuta da ƙura

An tsara yawancin waɗannan kaya ne domin ƙasashe masu sanyi, wanda zai yi aiki da su a ƙasar Hausa kuwa yana da ƙarin abubuwan lura. Babban maƙiyin batir ɗin litiyam shi ne zafi, musamman idan yana cike da caji, kuma masu ƙera ƙwayoyin ba sa son a caje su a zafin da ya haura digiri 45. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin inuwa a Sakkwato da Maiduguri da Damagaram yake wuce digiri 40, cikin but ɗin mota ko shagon kwano ya fi haka da nisa, kuma batir ɗin da aka saba bari a irin waɗannan wurare zai tsufa tun kafin lokacinsa. Ana barinsa ya huce bayan aiki kafin a ɗora shi a caja, ana cajinsa a inuwa inda iska ke shiga, nesa da katifa da galan ɗin fetur, idan kuma za a daɗe ba a yi amfani da shi ba sai a ajiye shi da kimanin rabin caji.

Wutar gida a Najeriya da Nijar bolt 220 zuwa 230 ce, ta Amurka kuwa 120, kuma cajojin kayan aiki da yawa da aka yi domin kasuwar Amurka ba sa karɓar abin da ya wuce haka, saɓanin cajar waya mai karɓar kowace. Wanda ɗan'uwansa ya aiko masa da inji daga can, ya jona cajar kai tsaye ba tare da tiransifoma mai rage wuta ba, yana iya rasa ta a daƙiƙar farko. Kamfanonin jiragen sama kuma suna barin fasinja ya shiga da batir a jakar hannu ne idan bai wuce wat-awa 100 ba, daga 100 zuwa 160 sai da izini, abin da ya haura haka kuwa ba a yarda ba, kuma manyan baturan lambu da yawa suna cikin wannan rukuni na ƙarshe. Kuɗin cajin kansa ba wani abu ba ne, tunda yunit ɗaya na mita wat-awa 1,000 ne, wanda a lissafi zai cika batir mai 144 kusan sau bakwai. Abin dubawa shi ne lokaci, domin caja mai ba da amfiya 2 tana buƙatar wajen awa biyu ta cika batir mai amfiya-awa 4, mai amfiya 4 kuma wajen awa ɗaya, kuma a unguwar da wuta ke zuwa tana ɗaukewa wannan bambanci ne ke raba wanda zai fita aiki da safe da wanda zai zauna.

Akwai kuma tambayar da ta riga duk waɗannan, wato ko wurin ya dace da injin tun asali. A harabar makaranta mai daɓen siminti, inda darbejiya da mangwaro suka zubar da ganye a rani har ya taru a gindin bango da bakin magudana, mutum ɗaya da inji yana iya gama abin da zai ci masu tsintsiya uku dogon lokaci, yana tafe iska na bayansa, bakin bututu a sunkuye, yana tara ganyen tuli-tuli. A tsakar gida mai yashi kuwa, musamman da hunturu, abin da injin zai tayar ƙura ce, wadda za ta tsallake katanga ta sauka a kan shanyar maƙwabta da tukunyar mai abincin sayarwa, ta kuma shiga ƙirjin yara da masu asma. Tsintsiyar kaba da ɗan yayyafin ruwa sun fi shi aiki a irin wannan wuri, kuma ba su da batir da zai mutu. Shi kansa ganyen da aka tara ba shara ba ne ga wanda ya san darajarsa, domin idan aka zuba shi a rami ya ruɓe taki ne, ƙona shi kuwa mayar da hayaƙin da aka guje wa ne ta wata ƙofa.

Haƙƙin jiki da na maƙwabci

Injin batir ya fi na fetur ƙarancin ƙara, amma bai zama shiru ba. Ana auna ƙara da desibel, kuma cibiyar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta sa iyaka a desibel 85 na tsawon awa takwas, duk ƙarin desibel 3 kuma yana rage wannan lokaci da rabi. Lambar da ake bugawa a jikin injina da yawa an auna ta ne daga nisan mita 15, abin da ke isa kunnen mai riƙe da shi kuwa ya fi haka sosai, kuma jin da ya lalace ba ya dawowa. Abin toshe kunne da tabarau da takunkumi kuɗinsu bai kai ko kashi ɗaya cikin goma na injin ba, kuma matashin da ke jin kunyar sa su saboda kada abokai su yi masa dariya zai biya wannan kunya da tsufansa. Haka nan lokacin aiki yana da ladabinsa, domin sassafe da lokacin ƙailula da lokutan salla ba na ƙarar inji ba ne, kuma ɗan sana'ar da ya kiyaye wannan shi ake sake kira.

Kafin a je shago, ya kamata mai niyyar saye ya zagaya wurin da zai riƙa sharewa da agogo a hannu, ya ƙiyasta mintunan da aikin zai ci, ya duba ko ƙasan daɓe ne ko yashi, ko ganyen busasshe ne ko mai jiƙewa da damina, sa'an nan ya rubuta adadin wat-awar da zai ishe shi tare da ɗan rara saboda tsufan batir. Da wannan takarda a aljihu zai kifa batir ya karanta ƙaramin layin nan, ya ɗaga injin ya ji nauyinsa, ya duba bayan caja ya ga ko tana karɓar wutar garinsu, ya tambayi kuɗin batir shi kaɗai da inda ake samunsa. Idan lissafin ya nuna babban inji, ya saye shi ba tare da jin an cuce shi ba. Idan ƙarami ya nuna, ya ɗauki ƙaramin ko da abokansa sun raina. Idan kuma ya nuna cewa tsintsiya ta wadatar, ya mayar da kuɗinsa aljihu ya ƙara su a jarin wani abin da ya fi buƙata.